Fitilar da Ta Mutu a Rijiyarmu

Shekarar da rijiyar gidanmu ta Sintali ta ƙafe, Inna ta sa aka kira wani dattijo mai yasar rijiya daga Iware. Bai ko cire riga ba. Ya kunna fitilar ƙwai, ya ɗaura mata igiya, ya zura ta a hankali. Kafin ta kai ƙasa ta mutu. Ya sake, ta sake mutuwa.

"Masu wurin yana ciki," in ji shi da Hausarsa. "Yau ba shiga."

Lokacin ni sabon malamin kimiyya ne, kaina na hayaƙi. Na ce, "Baba, babu wani aljani. Gas ne ya taru a ƙasa, shi ke kashe wutar." Ina ta jin daɗin bakina, na manta ban ƙarasa ba: inda wuta ba ta ci, mutum ma ba ya numfashi.

Yayana tela ne, kuma tun muna yara ko gindin tsamiya ba ya bi don tsoron aljanu. Ya gaji da ganin Inna tana roƙon ruwa a maƙwabta. Ya ce, "Ashe gas ne kawai." Ina cikin ɗaki ina shan ruwa ya tuɓe riga. Dattijon ya hana shi, ya ƙi ji, sai dattijon ya ɗaura masa igiya a ƙugu kafin ya sauka cikin rijiyar.

Salatin Inna ne ya fito da ni. Mu uku muka jawo shi, jikinsa ya saki kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Da ya farfaɗo, ya ce wani ne ya danne masa ƙirji a can ƙasa. Har yau haka yake faɗa a shagonsa na Kasuwar Jalingo.

Na san abin da ya danne shi, duk shekara ina koyar da shi da kyandir da kwalba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ni mai gaskiyar na kusa kashe shi, dattijon da na raina shi ya riƙe igiya.

Bara 'yata ta leƙa rijiyar ta ce, "Baba, me ke ciki?" Na buɗe baki zan yi mata bayani, sai na ji na ce, "Masu wurin. Matsa daga nan."