Kawu Mounkaila da Ragowar Yadi

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki shagon Kawu Mounkaila a unguwar La Guillotière ta birnin Lyon ya san ƙullin nan. Idan ka je karɓar rigarka za ka tarar an goge ta an ninke, a kanta kuma ga ɗan ƙulli: ragowar yadin da almakashi ya fitar, har wanda bai kai faɗin yatsa biyu ba, an tattara an ɗaure da zirin ƙyalle. Matan da suka saba da shi sukan karɓa su jefa a jaka. Sababbi kan ce ya zubar. Ba ya zubarwa.

"Mita biyar kika kawo, Hajiya. Huɗu da rabi na jikin rigar, ga rabin. In kin fita ki zubar da hannunki."

Kawu wan mahaifiyata ne. A Damagaram aka haife shi, a can kuma ya koyi ɗinki wajen wani tsoho a bakin kasuwa, wanda ya shekara guda bai bar shi ya taɓa almakashi ba, sai guga da sa maɓalli. Ya zo Paris yana da shekara ashirin da shida. Shekara tara ya yi a wani ɗakin ɗinki na ƙarƙashin ƙasa kusa da Barbès, su shida, babu taga. Bayan ya auri Tanti Mero ya ce ya gaji da ɗinka wa mutanen da bai taɓa ganin fuskarsu ba, suka koma Lyon ya buɗe nasa. Allah bai ba su haihuwa ba. Da na sami gurbi a jami'a a can, mahaifiyata ba ta ko yi shawara da shi ba. Ta kwaso ni daga Bobigny, a gefen Paris, ta sa ni a jirgin ƙasa da akwati biyu, sannan ta kira shi ta gaya masa lokacin da zan sauka.

Ni ba mai magana ba ce. In na taso daga makaranta nakan zauna a kan wata kujerar roba a bayan shagon, tsakanin teburin guga da tarin shadda, in buɗe littafi. Wata uku muna haka, shi da kekensa, ni da littafina. Rannan bai ko ɗago ba ya ce, "Nadia, wannan bulo da kike ɗauka kullum, me ke ciki?"

Kawu yana karanta Alƙur'ani, yana karanta awo, yana kuma lallaɓa takardun hukuma da yatsa. Littafin Faransanci mai shafi ɗari bakwai ya fi ƙarfinsa. Na ce masa labari ne na wata ƙasa da ba ta duniyar nan, wadda aka shekara goma ba a yi ruwa ba, sai mutum bakwai suka tashi neman gajimare wajen wasu halittu masu fukafukai da ke tsare da shi bayan duwatsu.

"To, sun samo?"

"Littafi uku ne, Kawu. Wannan na farko ne."

"Koma farko. Da Hausa."

Haka muka fara. In karanta sakin layi da ido, in faɗa masa da Hausata ta Bobigny, shi kuma ya gyara mini ita yana tafiya da ɗinkinsa. Sunayen mutanen sun ƙi zama a bakinsa, sai ya raɗa musu nasa. Shugabar ayarin, wata yarinya gajeriya mai tabon ƙuna a kumatu, ta zama Gajera. Akwai Mai Takobi, akwai Maƙaryaci. Sai wani tsoho da ba ya yaƙi, ba ya tsafi, aikinsa kawai gyaran tanti da takalma da salkar ruwa idan an yada zango. Shi Kawu ya kira Mai Basilla, kuma shi ne nasa. In aka yi shafi talatin ba a ambace shi ba sai ya tsayar da keke ya ce, "Ina mutumina?"

Tanti Mero takan kawo abinci ta zauna ta ji nata rabon. Alhaji Rabi'u, Bakano mai shagon waya a gefenmu, yakan leƙo ya ce, "Har yanzu ba a yi ruwan ba? Malam Mounkaila, ku je ku yi musu sallar roƙon ruwa mana a huta."

Tun a lokacin nakan rage wasu abubuwa. Inda Gajera da Mai Takobi suka keɓe, sai in ce sun gaisa. Kawu ya taɓa cewa mutanen ƙasar nan akwai son gaisuwa.

Muna tsakiyar littafi na biyu Tanti Mero ta kwanta. Kwana goma sha tara ta yi a asibiti. Mako guda bayan rasuwarta Kawu ya buɗe shago, domin akwai ɗinkin biki da ya yi alkawari. Ya zauna gaban keke, ya sa zare, ya ce, "Ci gaba."

Na buɗe inda muka tsaya. Idona ya riga bakina, na ga abin da ke tafe. Sanyi ya kama Mai Basilla a bakin wani tafki, ya yi jinya, ya mutu, suka binne shi. Na dubi ƙeyar Kawu da hannunsa a kan yadi. Na juya takardun har na wuce wurin, na ce Mai Basilla ya ga ƙafarsa ba za ta kai duwatsu ba, ya tsaya a wani ƙauye a bakin tafki, ya buɗe rumfar gyaran takalma.

Kawu ya gyara zaman yadin a kan keke. Ya ce, "Ya yi dabara."

A littafi na uku sau biyu ya tambaya ko an ji labarinsa. Na ce a'a. Ya ce ciniki ne ya riƙe shi. Muka gama, aka yi ruwa, na gama jami'a, na koma Paris na kama aiki a ɗakin karatu. Littattafan uku na bar su a shagon, a kan kantar da yake jera zare.

Shekara huɗu bayan nan Kawu ya kira ni a waya da rana.

"Lafiya lau, ya aiki, ya mamanki, to madalla. Nadia, na ga Gajera a tashar tiram."

An mayar da littattafai biyun farko fim, hoton tallarsa kuma ya cika gari, har tashoshin tiram, jirgin cikin gari. Da duwatsun bayan hoton ya gane shi, irin na bangon littafin. Rabonsa da silima tun ta Damagaram, mai bencin katako babu rufi. Ya ce in zo ranar Asabar mu je, shi da ni da Alhaji Rabi'u.

Awa biyun da na yi a jirgi abu ɗaya nake juyawa. Za a nuna tafkin nan, Kawu zai ga an binne mutuminsa, zai kuma san cewa ni, da ya zaunar a shagonsa shekara uku, na yi masa ƙarya.

Bayan azahar muka shiga. Kawu ya sa babbar riga mai ruwan toka, ya ƙi sayen komai na ci. Da ayarin ya fito daga ƙofar gari na ji yana ƙirgawa ƙasa-ƙasa.

"Shida. Ina na bakwai?"

"Wataƙila yana baya, Kawu."

Ba ya baya. Sun cire shi gaba ɗaya, ko sunansa ba a ambata ba. Aka zo tafkin, ayarin ya wuce ta gefensa cikin kiɗa, ba wanda ya ko yi tari. Na ji kafaɗuna sun sauka, na kuma ji kunyar saukarsu.

Da muka koma shago Kawu ya ɗora shayi, ya cire babbar rigar ya rataye. Alhaji Rabi'u ya ce shi dai kuɗinsa sun fita, tun da ya zo ƙasar nan bai ga yaƙi mai kyau kamar wannan ba.

"Yaƙin nan," in ji Kawu, "shafi nawa ne a littafi, Nadia?"

"Huɗu."

"Shafi huɗu. Sun ja shi har na ji fitsari. Tafiyar da muka yi wata takwas muna bi, da ƙishirwa da rigima a kan rabon ruwa, sun gama ta kafin in gyara zama. Ba wanda ya yi wa wani sallama. Kuma wace ce waccan doguwar?"

"Gajera ce."

"Ina tabon?"

"Akwai shi," in ji Alhaji Rabi'u. "Ɗan siriri nan kusa da kunne. Malam, wa zai biya kuɗi ya kalli mummuna awa uku?"

"Matarka tana kallonka shekara talatin, ba a biya ta ko sisi ba."

Alhaji Rabi'u ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Da ya farfaɗo ya ce a yi adalci, shafi dubu da ɗari huɗu ba za su shiga awa uku ba, dole a yanka.

"Ai ban ce kada a yanka ba. Ni me nake yi tun safe? Ba a sa yadi a jiki yadda ya fito daga kanti. Amma ka san abin da kake cirewa. Ka duba mutanen nan, shekara biyu suna cikin ƙaya da duwatsu, ba wanda rigarsa ta yage, ba wanda takalminsa ya tsinke. Don me? Don sun cire mai gyara, sai dole suka cire yagewar. A littafi in salka ta huje kowa sai ya yi shiru ya jira tsohon nan, har Mai Takobi. A nan wa ake jira? Wanda ya fi ƙarfin hannu." Ya kurɓi shayi. "Kuma sun yanka, ba su ce wa kowa ga ragowar ba. Wanda bai ji littafin ba zai tafi gida yana cewa su shida ne. Ni dai alhamdu lillahi, ɗiyata ta ba ni nawa cikakke."

Wani ya ƙwanƙwasa gilashin shagon waya, Alhaji Rabi'u ya fita da kofinsa. Kawu ya zauna gaban keke, ya jawo wata atamfa.

Ina iya yin shiru, na iya shi fiye da komai. Jirgina na ƙarfe tara ne. Na daɗe ina kallon ƙullayen da ke jere a kan tebur, kowanne a kan rigarsa, suna jiran masu su. Sannan na miƙe na hau kujerar roba, na sauko da littafi na biyu. Ƙurar zare ta rufe shi.

"Kawu, ban ba ka cikakke ba."

Bai tsayar da keken ba.

"Mai Basilla bai buɗe rumfa ba. A bakin tafkin ya rasu. Ni na cire."

Ya kai ƙarshen layin ɗinkin, ya yanke zare, sannan ya juyo.

"Takarda goma sha ɗaya," ya ce. "Rannan kin juya takarda goma sha ɗaya kafin ki buɗe baki. Ina jin ƙararsu. Na san an yanka, abin da aka yanka ne ban sani ba."

"Me ya sa ba ka tambaya ba?"

"A lokacin ba na son in sani. Daga baya kuma na ga ba mai kaya ne ke tambayar ragowa ba, tela ke kawowa." Ya nuna mini kujerar da haɓa. "Zauna. Kin daɗe, amma kin kawo."

Na zauna na karanta masa. Yadda tsohon ya ɓoye tarinsa kwana uku. Yadda ya sa aka tattaro masa takalman kowa ya duba su ɗaya bayan ɗaya yana kwance. Yadda ya koya wa Gajera ɗinkin salka da hannunta a cikin nasa, ta soke yatsa sau biyu, ya yi mata faɗa. Hausata ta yi tsatsa a Paris, ina tuntuɓe, bai gyara mini ko kalma ɗaya ba. Ya bar keken ya ɗauki allura yana kalmasa bakin atamfar da hannu, aikin da keke zai gama cikin minti ɗaya.

Da na kai ƙarshe ya tambaya, "Sun yi masa wanka?"

"Sun yi. Da ruwan tafkin."

"Da me suka naɗe shi?"

"Da tantin da ya gama gyarawa."

Ya gyaɗa kai. Ya cire gilashinsa ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. Ya ce Mero ta so tsohon nan ita ma, takan ce kamarsu ɗaya wajen taurin kai.

Na ce, tunda an fara, akwai sauran wuraren da na rage. Na Gajera da Mai Takobi.

"Masu gaisuwa?"

"Su."

"Wannan ragowar na bar miki. Ki zubar da hannunki."

Ya karɓi littafin, ya sa aka nuna masa inda takardun goma sha ɗaya suka fara da inda suka ƙare. Ya ɗauki wani zirin atamfa daga ƙasan tebur ya saka a wurin, ya rufe, ya mayar da littafin kan kanta tsakanin baƙin zare da shuɗi. Sannan ya dubi agogo ya ce in ɗauki jakata, zai raka ni tashar tiram, kada jirgi ya tafi ya bar ni.