Keken Kwance Da Ya Ƙetaro Teku

Tun da wuri gara in faɗa da bakina kafin jikoki su riga ni: wawan da ke cikin labarin nan ni ne. Sai dai wawa ne mai keken da babu irinsa daga Gumel har Maigatari, wannan kuwa ko maƙiyina bai musa ba.

A shekarun farin nan da ya cinye shanu, gonata ta ƙi, sai na kai matata gidan mahaifinta a Ɗanzomo, na ƙetara Damagaram neman aiki. Na samu wurin wani Bafaranshe mai haƙa rijiyoyi, muna ce masa mushe, wato malam a Faransanci. Bayansa na ciwo, shi ya sa ya zo da wani keke daga ƙasarsu wanda ba a zama a kansa, kishingiɗa ake yi. Kujera ce mai majingini kusa da ƙasa, feda tana can gaba, mutum ya miƙe ƙafafu yana tuƙawa kamar mai shure bargo. Ni ke shafa wa kacarsa mai, da haka na koyi hawa. Ranar Lahadi nakan fita da shi hanyar Mirya, masu kekunan tsaye su biyo ni suna haki, ni kuwa ina kallon shaho a sama. A ƙasar waje na yi wannan, a rubuta.

Da aiki ya ƙare, mushe ya koma da abinsa, ni ma na dawo Gumel bayan shekara uku. Na aika a ba ni matata, surukina ya ce a'a. Wai mutumin da ya tafi yawon duniya ya dawo da jaka ɗaya, sai ya ga alamar hankali a jikinsa tukuna. Wata biyar ina dafa wa kaina tuwo mai gudaji.

Ana nan sai takarda ta iso. Ashe mushe ya sayi sabon keke, ya tuna da ni. An sa tsohon a akwatin katako, jirgin ruwa ya kawo shi Ikko, jirgin ƙasa ya kawo shi Kano, na je na dangwala hannu a takardu sun fi goma, aka ɗora mana shi a bayan babbar mota. A tashar Gumel na hana a sauke shi sai da mutane suka taru. Aji uku na yi a elementare, amma ran nan na karanta sunana a jikin akwatin da ƙarfi har sau uku, na kuma karanta musu Faransancin da ke ƙasa. Abin da na ce yana nufi, Allah ya yafe mini.

Kwana biyu na yi ina haɗa shi, ko ƙusa ɗaya ba ta yi saura ba. Da na zagaya gari, wata tsohuwa mai ƙosai ta bi ni da ido ta ce, "Sannu bawan Allah, Allah ya ba da lafiya. Asibiti za ka?"

Na ce, "Iya, a Turai manya ne ke hawan irin wannan."

Ta ce, "To Allah ya ba su lafiya su ma."

Ban kula ta ba. Na sa babbar rigata mai aiki, na nufi Ɗanzomo. A kan burji keken nan gudu yake kamar an kore shi, na wuce masu jakuna da masu raƙuma suna salati.

Kowa ya san ƙa'ida. In ka hango surukinka, tun daga nesa kake sauka, ka tuɓe takalmi, ka turo keke, ka durƙusa. Ni ma na sani. Amma da na hango shi a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, shi da dattawa huɗu a kan tabarma, sai zuciyata ta ce, in ka sauka yanzu, me zai gani? Mutum yana tura kujera. Bari ya gan ka a kai, ko taku goma ne.

Taku goman nan rairayi ne. Taya ta fara nutsewa, na ƙara ƙarfi don kada in kife, hannun rigata ya sauka cikin kaca ya naɗe. Da na damƙe birki, sai ga ni daidai bakin tabarma, a rigingine, tafin takalmana biyu suna duban gemun surukina. Na yunƙura, riga ta riƙe ni. Na sake yunƙurawa, na ji ɗinki yana ɓarkewa.

Daga kwancen na ce, "Baba, barka da hutawa. Mun same ku lafiya?"

Ya dubi takalman, ya dubi dattawa. "Lafiya lau. Kai ne da hutawa ai."

"Baba, daga Faransa aka aiko mini. Ta teku ya zo."

"A haka ka zo tun daga Gumel?"

"A haka, Baba. Ko gumi ban yi ba."

Ɗaya daga cikin dattawan ya toshe baki da rawani, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa na riga na sallama cewa tuwo mai gudaji ya zama abincina har abada. Can surukina ya juya wajen zaure ya ɗaga murya.

"Ke 'yar nan! Haɗa kayanki ki bi mijinki. Mutumin da ba ya iya tashi da kansa, alhaki ne a bar shi shi kaɗai a gida."

Dattawa biyu suka warware ni. Na durƙusa na yi gaisuwar da ta kamata tun farko, hannun riga ɗaya yana lilo. Har yau ina cewa keken nan ne ya dawo mini da matata, babu kuma wanda ya isa ya ce ƙarya ne.

Ta fito da ƙullin kaya da kwalla a ka. Ta zagaya keken, ta leƙa bayansa tana neman kariyar da za ta zauna. Babu. Na gyara murya na fara yi mata bayanin jirgin ruwa, da Ikko, da yadda na bar mazan Damagaram a baya.

Ta sauke kwallar ta ɗora a kan kujerar, ta ɗora ƙullin a sama.

"Malam, shekara uku ina jiran mai keke ya zo ya ɗauke ni, ka zo mini da gado. Ka sha kwanciya a zuwa. Tura mu tafi."