Tambaya Ɗaya a Bakin Ƙofa

Lokacin kullen korona ina karatu a ƙasar waje, a unguwar Setapak, a hawa na tara na wani bene, ina rubuta kundin digirina na uku a kan Faransawan nan da suka fito daga juyin juya halinsu a tsorace. Sun ga sarki ya danne mutum, sun ga jama'a ma ta danne shi da sunan 'yanci, sai suka ce lallai a bar wa kowa ɗan filinsa, inda hukuma ba ta leƙawa, maƙwabci ma haka. Kai, maganar ta shige ni! Ni da na tashi a gidan da ko tari ka yi sai gwaggo uku sun zo jin dalili.

A ɗakin da ke jikin nawa akwai wani malami daga Gusau, ya girme ni, yana karatun lissafi a jami'ar da ke titin Jalan Semarak. Mutum ne mai kawaici. Kullum nakan ji motsin butarsa kafin azahar. Wata Talata ban ji ba, sai na sa takunkumi na ƙwanƙwasa.

"Malam, lafiya dai?"

"Lafiya lau, ƙanena. Je ka yi karatunka."

Na kuwa tafi, wallahi har da jin daɗi, wai na mutunta 'yancin mutum. Kaico! Ni Bahaushe ɗan Bahaushe, na san sarai ba a karɓar amsar farko. Sai ka sake tambaya, ka ƙi gusawa, a ta uku dattijo zai ce, "To, da ɗan zazzaɓi."

Washegari na sayo masa shinkafa a mamak, gidan abincin unguwarmu, na rataye ledar a ƙofarsa. Ran Alhamis ledar tana nan. Masu motar asibiti suka zo cikin fararen kaya, suka fita da shi yana numfashi da ƙyar. Bai kai Asabar ba. Ba mu yi masa wanka ba, kabarin ma a hoto muka gan shi.

Kundin na gama shi, kuma ban ce Faransawan sun yi ƙarya ba. Amma har yau in aka amsa mini gaisuwa ta bayan ƙofa, gabana faɗuwa yake.

Ranar sadakar uku mahaifin malamin ya kira ni daga Gusau.

"Ɗana, an ce bango ɗaya kuka haɗa. To hankalina ya kwanta, tunda bai yi jinya shi kaɗai ba. Allah ya yi maka albarka."

Na ce, "Amin, Baba."