Littattafan da Gara Ta Ci

A shekararsa ta biyu a Kuala Lumpur ƙanina ya daina karatu. Da shaye-shaye ne ma, da na san ta inda zan ɓullo masa. Wata ƙungiyar addu'a ya shiga a unguwar Cheras, suka cusa masa cewa duk littafin da ba Littafi Mai Tsarki ba, tarkacen duniya ne. Ya fara kyautar da na labarai, na makaranta suka bi baya. Ga jarrabawa ta matso, in ya faɗi kuwa sai gida hannu rabbana.

Na yi faɗa, na yi lallashi, har kuka na yi. Shi dai sai murmushi, irin mai sa mutum ya ji kamar ya kwaɗa masa mari.

Ni ma a birnin nake karatu. Wata 'yar ajinmu Ba'indiya, haifaffiyar ƙasar, ta ba ni labarin tsohon cocin ƙauyensu, can cikin gonakin roba. Ta ce faston da ya gina shi, da littattafan tatsuniya ya koya wa 'ya'yan leburori karatu, kuma littattafan suna nan a ajiye a cocin. Na ce madalla, tunda yaron nan ba ya jin tawa, bari idonsa ya gane masa.

Ranar Asabar na tasa shi gaba muka hau bas. Cocin na katako ne, rufin kwano duk tsatsa. Shi ya durƙusa yana addu'a, ni kuwa hankalina na kan kabad ɗin da ke baya. Wata tsohuwa mai shara ta kawo makulli ta buɗe mana.

Na jawo littafi guda, bangon kawai ya biyo hannuna, cikin ya zube ƙasa kamar garin tuwo. Gara ta gama da su kaf.

"Kin gani, Yaya?" in ji shi a hankali, yana nuna Littafi Mai Tsarki da ke kan mumbari, lafiyarsa lau.

"Ai don kullum ana buɗe wancan ne," na ce.

"To, ai abin da nake gaya miki ke nan."

Na mayar da bangon cikin kabad, muka fito.

A hanyar komawa ya yi barci a kafaɗata, yadda yake yi yana ƙarami. Baba ya kira daga gida yana tambayar yaya karatun auta. Na dubi garin takarda a farcena, na ce masa muna nan muna ƙoƙari.