Muryar Anti Tela

Anti Tela ba ta da wata baiwa da ta wuce ɗinki sai murya. Ko faɗa take yi da mai kaya a kan an yanka hannun riga ya yi gajere, sai ka rantse lallashinsa take. Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin titi, keken ɗinki biyu, madubi mai tsaga, da fanka mai juyawa in ta ga dama.

Tun tana budurwa wani ɗan kawunta da ke aiki a ƙaramin kamfanin waya ya roƙe ta ta zo a ɗauki muryarta. Ta wuni tana karanta musu jimloli a ɗaki mai soso a bango, ta sa hannu inda aka nuna mata, ta koma kan kekenta. A lokacin abin alfahari ne. Inna, mahaifiyarta, har kiran lambar da ke kashe take yi don ta ji 'yarta tana ba ta haƙuri.

Sai babban kamfani ya saye ƙaramin, ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, kamar kaza a kan tsaba. Aka wayi gari duk layin da ke garin nasa ne, muryar kuma ta bi kaya. Abin da ya fara tayar mata da tsigar jiki shi ne ta soma jin kanta tana faɗin maganganun da ba ta taɓa faɗa ba. Tana cikin awon wata mata sai wayar matar ta yi ƙara, ta ji bakinta yana tallan inshora alhali allura ce a leɓenta.

Inna tana wani gari wajen yayan Anti Tela, ido ya tafi, kunne kaɗai ya rage mata. Kullum da safe suke gaisawa ta waya. Wata rana Inna ta ɗauka, ta ji sallama, ta ce, "Na ce ba na saye, ku ƙyale ni," ta kashe.

Anti Tela ta yi dariya, daga baya ta yi kuka. Ta bi ta wayar yayanta suka shirya: in ita ce, za ta fara da cewa, "Inna, kin sha maganinki?" Abin ya yi aiki na ɗan lokaci. Sai matar yayan ta kira ta.

"Anti, ke kika kira ɗazu?"

"A'a."

"To an kira. An tambaye ta ko ta sha magani, har da ɗan tarin nan naki. Sun jima suna hira, sai can aka ce mata akwai sabon tsarin kira mai sauƙi."

Ta rufe shago ta nufi hukumar da ke hana kamfanoni babakere. Jami'in mutumin kirki ne, ya ba ta kujera, ya ce bincike na nan ana yi, sai dai ƙarfin kamfanin ya fi na ofishinsu.

"To ni in koma wane layi, ranka ya daɗe?"

Ya kalli silin. "Hajiya, mu ma nasu muke amfani da shi. Ki kira sashen ƙorafi."

Ta kira a tsaye a gabansa. Ta ji kanta tana ce wa kanta ta yi haƙuri, duk ma'aikata suna kan wani kiran.

Washegari ta hau mota. Ta isa da rana tsaka, ta tsaya a ƙofar ɗakin Inna ta yi sallama. Tsohuwar ta lalubo waya a ƙarƙashin matashi ta danna. Anti Tela ta ce, "Inna, ni ce fa, ga ni na zo." Inna ta sake dannawa, ta sake.

"Zo ki kashe min abin nan," ta ƙwala wa surukarta kira. "Yau ya ƙi mutuwa."

Anti Tela ta matsa kusa da ita. Ta durƙusa a bakin gado, ta ɗora hannunta a tafin Inna. Tsohuwar ta shafa yatsun a hankali har ta kai kan kantar da almakashi ya bari.

"'Yar nan, ke ce?"

Ta buɗe baki za ta amsa, Inna ta damƙe hannun.

"A'a, yi shiru. Haka na fi gane ki."