Kurmin ƙudan zuman Babana

Shekarun baya, mahaifina yana da gona a ƙauyen Gbalahi. A gefenta akwai ɗan kurmi da ya hana kowa taɓawa, duk da ba komai a ciki sai busassun kututturai da ciyayi da kaɗanya. Nan ƙudan zumansa suke zaune. Ba amya ya ɗora musu ba, na daji ne, amma yadda yake maganarsu sai ka rantse shi ya raɗa musu suna.

A bakinsa na ji cewa ba iri ɗaya ba ne. Da rani, in kaɗanya ta yi fure, masu harbin nan da kowa ya sani su ke cika ta, tare da wasu ƙanana marasa harbi da ke damun mutum da lasar gumi. Da damina kuma sai baƙaƙe manya masu huda itace su sauka a furen wake. Ni kuwa gyaran babur nake a cikin gari, duk abin da ya yi ƙugi kusa da kunnena mari yake sha.

Duk shekara, kafin masu farautar gafiya su fara cinna wa daji wuta, yakan share kewayen kurmin fes. A shekarar da ciwo ya kwantar da shi, sai ya kira ni.

"Ka je ka share mini wurin nan. In ya ƙone, ba za su dawo ba."

Na ɗauki adda da fartanya na tafi, hannun da ya saba da sufana ya yi bororo. Ban kai ga haɗe sharar ba, wata rana da azahar abokina ya faɗo shagona a kan babur ɗinsa, yana ƙwala mini kiran "Masa", wato maigida.

"Masa, wuta ya kama daji wajen gonan ku! Hau moto mu je!"

Mun tarar wutar ta doshi daidai inda ban share ba. Muka karyo rassan dalbejiya muka hau bugu. Hayaƙi ya hautsina masu harbin, suka far mana, mu da muka zo cetonsu. Abokina yana bugu yana zagina. Kututture ɗaya ya ƙone, sauran suka tsira.

Na koma gida ido a kumbure. Mahaifiyata ta yi salati, shi kuwa Baba dariya ya yi har da tari.

"Sun gaishe ka ke nan. Da damina ka kai ni in ga baƙaƙen."

Bai ga daminar ba. Da wake ya yi fure na je ni kaɗai, na same su suna ta ƙugi, manya-manya, kamar yadda ya faɗa. Na gyara babura ba adadi a garin nan, amma wallahi ban taɓa yin aikin da nake alfahari da shi kamar wannan ba. Na zauna a bakin gonar na yi kuka, sannan na yi masa addu'a.