Rigar Hoto

A duk sansanin, riga ɗaya ce ba ta san gumi ba. Tana naɗe cikin leda a ƙasan akwatin Kuku, mai dafa wa sojoji arba'in abinci, kuma shi ke faɗin wanda layi ya zo kansa. Ranar da ka samu, sai ka wanke fuska da rabin kofin ruwa, ka zura ta, ka tsaya a ƙofar sito gaban buhuna, a ɗauke ka hoto daga ƙirji zuwa sama. Ƙasan ba abin nuna wa gida ba ne. Kana cirewa Kuku zai shinshina hammatarta.

"Kai, Kofur, murmushi aka ce, ba cizo ba!" in ji Kuku.

Kofur ya fi kowa sa ta. Dogo ne siriri, shekararsa talatin da biyu, tara a cikin kaki. Kafin nan faci yake yi a rumfar yayansa, bakin titi. Ranar da ya ce zai shiga soja, Yaya ko ɗagowa bai yi ba daga tayar da yake dannawa cikin ruwa.

"Je ka," ya ce. "Ko a kawo mana takalminka, ko ka dawo kana roƙona aiki."

Wata goma sha huɗu ke nan Kofur yana cikin rami a bakin daga. Damina ta cika ramin har idon sawu. Takalminsa ya manta bushewa, fatar tsakanin yatsunsa ta yi fari tana biyo safa in ya cire. Ruwan sha warin man mota yake yi, don a duron mai ake kawo shi. Kwarkwata ta yi gida a ɗinkin wandonsa. Abokin raminsa, wanda suke karɓa-karɓar cokali ɗaya, cikin bargo aka kwashe shi.

Inna ba ta san ko ɗaya ba. Abin da ta sani, autanta ne mai kula da sito a wani gari da ko ƙarar bindiga ba a ji. Duk ranar da harbi ya lafa, sai ya hau kan mushen wata babbar mota, inda waya ke kamawa, ya kira ta.

"Auta, kana cin abinci kuwa?"

"Haba Inna, ni da makullin sito a aljihu? Har nama ya gundure ni."

"To ka rage maiƙo, kar ka zama katifa."

Yakan ce wa kansa saboda hawan jininta yake wannan ƙarya. Gaskiya ne, amma da saura. Wayar Inna ba ta karɓar hoto. A ta Yaya hotunan ke sauka, shi ke kai mata, kuma Kofur ya san haka sarai. In ya danna ya tura, ba fuskar Inna yake hangowa ba. Yaya yake gani, hannu duk baƙin mai, yana kallon ƙanensa fes-fes a gaban buhuna. Wannan ɗan daɗin ya fi girkin Kuku riƙe masa ciki.

Wata safiya saƙo ya shigo daga Yaya: Inna na asibiti, sunanka kawai take kira.

Ya je wurin hafsansu neman hutun kwana uku. Hafsan ko tsawa bai yi masa ba. Ya ce hanya a rufe take, motar da ta bi ta shekaranjiya har yanzu ba ta isa ba. "Ko tawa uwar ce, Kofur, ba inda zan je."

Ya hau mushen motar ya kira.

"Yaya, ba zan samu zuwa yanzu ba."

"Me ya riƙe ka? Buhunan ne za su gudu?"

Nan ne ya kamata ya faɗa. Har ya buɗe baki, sai ya ji kamar yana ganin Yaya na gyaɗa kai, alamar ai dama na ce.

"Manya za su zo duba sito," ya ce. "Da sun tafi zan taho."

Kwana shida ta yi. A na bakwai Yaya ya ɗaga waya da murya a bushe.

"Mun rufe ta ɗazu. Kullum sai ta sa an juya mata gado ya kalli ƙofa. Jiya na kai mata hotonka, ta kau da kai. Ta ce, ku ƙyale shi, ya samu wuri."

Kofur ya zauna a kan motar, rana na dukansa. Ya kwance takalmi, ya ɗauki ƙafafunsa hoto. Ya ɗauki ramin daga sama, da ruwan da ke ciki. Ya juya wayar ya ɗauki kansa cikin rigarsa ta gaske, mai huda a kafaɗa. Ya rubuta: Nan nake tun bara, Yaya. Ban taɓa riƙe makullin sito ba.

Amsa ba ta daɗe ba.

"Wa ya ara maka tsummokaran? Da ka bari ƙasar kabarinta ta bushe."

Ya sauko ba takalmi, ya nufi madafa. Kuku na tsugune yana hura wuta, akwatinsa a buɗe. Kofur ya fizgo ledar, ya zazzage rigar, ya yi kan murhu da ita. Kuku ya cafke wuyan hannunsa.

"Sake ni."

"Allah ya jiƙan Inna," in ji Kuku, bai saki ba. "Amma taka ce ta tafi, Kofur. Namu suna nan. Layin Saje ne yau, har ya wanke fuska."

Saje na tsaye a ƙofar sito, gemu a jiƙe, yana kallon ƙasa. Kofur ya dube shi, ya dubi rigar. Toka ta ɗan taɓa aljihunta. Ya hure ta, ya kaɗe da yatsa, ya miƙa masa.

"Kawo wayar," ya ce. "Matsa hagu, buhunan su fito."